Donat ɗin cakulan na gashi: me ya sa nawa yake fitowa da tauri?

Maman 'Yan Biyu, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fulawa da gashi, domin abin nan ya fara damuna. 'Yan biyuna shekararsu bakwai, kuma tun da mahaifinsu ya saba musu da sayo donat ɗin cakulan duk ranar Alhamis idan an tashi daga makaranta, ba su da wata magana sai tasa. Guda shida ne a cikin kwalin da yake kawowa, kafin sallar isha'i babu ko ɗaya, kuma idan na ɗaga takardar da ke ƙasan kwalin sai in tarar ta jiƙe sharkaf da mai har ina hango yatsana ta cikinta. Ga kuma surukata da muke zaune tare, wadda ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Yaran ba sa iya ci ba su gutsura mata ba, ita kuwa ba ta iya mayar da hannun jika.

Shi ya sa na ƙudurta zan riƙa yi musu a gida, a gasa a obin maimakon a soya. Sau biyu na gwada. Na farko na yi kwaɓin yis irin na fanke amma mai ƙarfi, na yanka da bakin kofi na gasa, sai ya fito burodi tsurarsa. Na biyu na yi da garin alkama mai dusa zalla, wanda ake kira dakik burr a nan, ban sa mai ko ɗigo ba, na rage sukari, na zuba karbonat, wato bekin soda, cokali guda, na bar shi a wuta kusan minti 25. Ya fito da tauri, ga wani ɗanɗano kamar an cika wa miya kanwa, yaran suka ciji sau ɗaya suka ajiye. Ina kuskurena yake? Kuma idan na sa dabino a madadin sukari, Hajiya za ta iya ci ba tare da fargaba ba?

Mai Gashin Burodi, Riyad

Wa alaikumus salam, Maman 'yan biyu. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na daɗe ina aikin gidan burodi, kuma duk abin da kika lissafa yana da dalilinsa.

Donat iri biyu ne. Akwai na yis, wanda aka tsara shi domin suya, saboda mai mai zafi ne yake dafa bayansa nan take ya ba shi wannan laushi da ɓawon da yara suke so. Idan aka raba shi da kasko, burodi ne zai koma, kamar yadda kika gani. Akwai kuma na kwaɓin kek, wanda bekin foda da karbonat suke tayar da shi, kuma shi ne ya dace da obin. Ki sa a ranki tun yanzu cewa abin da za ki samu ɗan kek ne mai laushi mai rami a tsakiya, ba zai yi daidai da na shago ba, amma idan aka yi shi da kyau ba ya kwana.

A gwajinki na biyu kin yi abubuwa uku masu rage danshi a lokaci guda. Mai yana lulluɓe ƙwayoyin fulawa ya hana kwaɓi yin danƙo, sukari yana riƙe ruwa, ita kuma dusar alkama shan ruwa take yi fiye da farar fulawa, haka ma garin kakaw, wanda ake yin cakulan da shi. Kin rage masu bayarwa kin ƙara masu sha, sannan kika ninka lokacin gashi. Ɗanɗanon kanwa kuwa daga karbonat ne: ba ya aiki sai ya haɗu da abu mai tsami kamar zabadi, wato yogot, ko laban, wato nono mai tsami, kuma abin da ya rage bai samu tsamin da zai kashe shi ba, shi ne yake tsayawa a harshe.

Ga awon da nake yi wa iyalina, yana ba da guda takwas. Fulawa giram 125, wato kofi ɗaya, rabi fara rabi burr. Garin kakaw marar sukari giram 30. Bekin foda rabin cokalin shayi. Karbonat rabin cokalin shayi, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Gishiri ɗan kaɗan. Ki tankaɗe waɗannan tare da rariya, domin kakaw yana yawan dunƙulewa. A wani kwano dabam ki jiƙa dabinon da aka cire wa ƙwallo giram 100 a cikin madara mai zafi kamar sulusin kofi, ki bar shi minti goma, ki niƙa ya yi sumul. Idan ya huce ki fasa ƙwai ɗaya, ki zuba zabadi rabin kofi da man girki cokali uku na cin abinci. Sai ki juye mai ruwan a kan garin, ki juya da cokali har farin garin ya ɓace, ki tsaya nan. Wannan ne wurin da masu hannun fanke suke yin kuskure, domin sun saba da bugun kwaɓi har ya yi yauƙi, alhali shi wannan duk bugun da aka ƙara masa tauri yake ƙarawa.

Ki kunna obin tun kafin ki fara haɗi, ya kai digiri 180. Idan irin na gas ne mai wutar sama da ta ƙasa, ta ƙasa kaɗai za ki kunna, ki sa tiren donat mai ramuka a tsakiya. Ki shafa wa ramukan tiren mai, ki zuba kwaɓin a leda ki yanke kusurwarta ki matsa, kada ya wuce kashi biyu cikin uku na ramin. Minti 10 zuwa 12 ya isa. Tunda kwaɓin baƙi ne, ido ba zai gaya miki ya gasu ba. Ki danna da yatsa, idan ya dawo ya yi, ko ki soka tsinken sakace ya fito da ɗan ɓurɓushi amma ba ɗanyen kwaɓi ba.

Malamar Jinya, Jidda

Yaya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri a kan kula da surukarki. Awon Malam mai gashi yana da kyau, ni tambayarki ta ƙarshe zan amsa, domin ita ce nake gamuwa da ita kusan kullum a wurin aiki.

Dabino abinci ne mai albarka, yana da faiba, wato ɓangaren da ciki ba ya narkarwa wanda ke rage saurin shigar sukari cikin jini, yana kuma da sinadarin fotasiyam, abubuwan da farin sukari ba shi da su ko kaɗan. Amma kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne. Giram 100 ɗin da Malam ya ambata yana ɗauke da sukari sama da giram 60, idan aka raba gida takwas kowane donat ya tashi da kamar giram takwas, wato cokalin shayi biyu. Ita kanta fulawar, fara ce ko mai dusa, jiki yana mayar da ita sukari. Saboda haka amsar ita ce Hajiya ba za ta ci shi sakaka ba. Ta ci rabi bayan abinci, ba da yunwa ba, kuma ranar da ta ci ta rage dabinon da take haɗawa da gahawa. Idan kuna da na'urar awon sukari a gida, ki gwada ta kafin ta ci da kuma bayan awa biyu, ki rubuta, ki nuna wa likitanta ranar da za ta koma asibiti. Shi ne ya san magungunan da take sha, kuma maganarsa tana gaba da tawa.

Game da yaran, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake samu a yini, kimanin giram 50 ke nan ga babba, kuma idan aka sauko zuwa giram 25 ya fi. Yaro ɗan shekara bakwai rabonsa bai kai na babba ba. A wannan lissafi zuma da ruwan 'ya'yan itace da duk wani zaƙi mai kauri duk sukari ne, don haka kada a ce an guje wa sukari an koma dibis, wato ruwan dabino mai kauri, ko zuma ana kwarara wa donat a kai. Niƙaƙƙen dabino da namansa ya fi dibis.

Inda na fi so ki lura shi ne abin da ake shafawa a sama. Sau da yawa a nan sukarin yake taruwa, domin garin sukari ne ake damawa da kakaw. Ki sayi cakulan mai duhu wanda aka rubuta 70% a jikinsa, giram 60 zai ishi guda takwas, kuma abin da zai ƙara wa kowanne bai wuce sukari giram biyu da ɗan wani abu ba. Ki juya bayan fakitin ki karanta: ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, idan sukari ne a farko ki mayar da shi kan kanta. Haka ma garin cakulan na gwangwani da ake dama wa yara da madara, ba shi ne kakaw ɗin da Malam yake nufi ba. Tun farkon 2019 aka wajabta wa gidajen abinci a nan Saudiyya rubuta adadin kalori a jerin abincinsu, don haka Alhamis mai zuwa ki ce wa maigidan ya duba lambar da ke gefen donat ɗin da yake saye. Giram ɗaya na mai kalori tara ne, na sukari huɗu. Wannan takardar da kika ce tana jiƙewa ita ce take nuna miki inda gashi ya fi suya.

Hajiya Babba, Madina

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki 'yan biyu. Ni ban san awon giram ba, amma na san dabino. Kada ki ɓata ajwa a cikin kwaɓi, tsadarta da darajarta sun fi ƙarfin haka, a bar ta a ci ta yadda take. Ki nemi sukkari na Ƙasim mai laushi, ko khalas na Ahsa, su ne suke narkewa a madara ba tare da wahala ba. Wanda ake sayarwa a niƙe domin ma'amul, wato biskit mai dabino a ciki, shi ma yana yi, sai dai ki mutsuttsuke shi da yatsu tukuna, saboda na taɓa samun gutsuren ƙwallo a ciki har ya kusa lalata mini injin niƙa.

Ban yarda da cewa dole sai an sayi tire mai rami ba. Jikata tana yi da tiren ƙananan kek, ta naɗe takardar ƙasdir, wato foil mai ƙyalli na naɗe abinci, kamar kaurin yatsa ta tsayar a tsakiyar kowane rami, ta shafa mata mai, kuma yana fitowa da raminsa tsaf. Ni kuma nakan ce ta daka ƙwayar hel, wato kadamon, guda biyu ta zuba, tunda bakinmu ya saba da ƙanshinsa a gahawa, yana tafiya da kakaw sosai.

Abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki ce wa yaran wannan na lafiya ne, kuma kada ki hana mahaifinsu sayowa rana ɗaya. Ki ba su cokali su shafa cakulan da hannunsu, su barbaɗa dakakkiyar gyaɗa ko riɗi, ki ce su kai wa kakarsu rabin da suka yi mata. Kuma ki tuna zafin garin nan. Abin da aka yi da zabadi da dabino ba ya son zama a waje, wanda ba a ci ba a ranar ki rufe shi ki sa a firij.

Maman 'Yan Biyu, Makka

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya Alhamis na bi awon Malam da dabino sukkari, na yi dabarar ƙasdir ta Hajiya Babba tunda ban samu tiren ba tukuna. Na cire a minti 11, kuma da na tsaga ɗaya sai tururi ya tashi, cikinsa ya yi laushi har yana manne wa yatsa kaɗan. Yaran sun ci bibbiyu, Hassan ya ce bai kai na shago zaƙi ba amma ya nemi a ajiye masa na safe. Hajiya ta ci rabi bayan abincin rana, na gwada ta kamar yadda Malama ta ce, na rubuta a takardar da za mu kai wa likita.

Matsala ɗaya na samu. Da nake narkar da cakulan a tukunya na ga ya yi kauri, sai na ɗiga masa ruwa, nan take ya dunƙule ya zama kamar tuwon da ya kwana, dole na sake wani. Me ya jawo haka?

Mai Gashin Burodi, Riyad

Madalla, Maman 'yan biyu. Cakulan ba ya shiri da ɗigon ruwa, domin sukarin da garin kakaw da ke cikinsa suna jiƙewa su manne wa juna, kuma wuta kai tsaye tana ƙona shi. Ki yayyanka shi ƙanana a busasshen kwano, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar da ruwanta ya tafasa aka kashe wutar, kada gindin kwanon ya taɓa ruwan, ki riƙa juyawa da busasshen cokali. Idan kina so ya saki, rabin cokalin shayi na mai za ki sa. Wanda ya dunƙule kuma kada ki zubar. Ki zuba masa madara mai zafi da ɗan yawa, kina juyawa a hankali, zai warware ya koma miya mai sheƙi da za ki iya tsoma donat a ciki. Ki bari donat ɗin ya huce sarai kafin ki tsoma, in ba haka ba shafin zai zame ya taru a faranti.