"Mutuwa rigar kowa": a faɗe ta a gidan makoki ko a bari?

Ɗan Wusasa: Salama gare ku 'yan'uwa. Kusan duk gidan makokin da ka shiga sai ka ji wani ya ce "a yi haƙuri, mutuwa rigar kowa". Ni dai ban ga ta'aziyya a cikinta ba. Mutum ya rasa matarsa, ka ce masa ai kowa ma zai mutu, to sai me? Ta dace da bakin Kirista kuwa?

Baba Dattijo: Ɗana, tun asali ba don sanyaya zuciya aka yi ta ba, gargaɗi ce ga masu rai. A ƙasar Hausa riga ke nuna matsayin mutum. Sarki da alkyabbarsa, attajiri da aska takwas, talaka da 'yar shara. Sai magabata suka ce akwai guda ɗaya da ba a duba aljihunka kafin a sa maka. Ibraniyawa 9:27 ma ta ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a. Ba ta saɓa wa bangaskiya ba.

Maman Zumunta: Baba, ba ta saɓa ba, amma rabin zance ta faɗa. Ku buɗe 1 Korintiyawa 15:53. Manzo Bulus ma maganar sutura ya yi, ya ce dole mai mutuwan nan ya yafa rashin mutuwa. Wato rigar da kowa zai sa ba ita ce ta ƙarshe ba, akwai wata a samanta. Mu a zumuntar mata in mun je gaisuwa wata ta jefo karin maganar, ba ma hana ta, sai dai mu ɗora da Yohanna 11:25, inda Yesu ya gaya wa Marta shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai.

Maƙwabcinku: Ni Musulmi ne, ku yi mini izini. Mu ma muna faɗinta, kuma Alƙur'ani ya ce kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne. Amma ban taɓa jin mai hankali ya tsaya a nan ba, sai ya bi da addu'a.

Ɗiyar Michika: Ni abin da ke ƙona mini rai daban ne. A watan Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) a Michika ta jihar Adamawa, suka kashe shi a cikin watan. A bidiyon da suka fitar bai nuna karaya ba, ya bar kome a hannun Allah, ya roƙi a kula da iyalinsa. Wannan bangaskiyarsa ce, kuma ta ƙarfafa mu. Amma in wani ya zo ya ce mini "rigar kowa" a kan irin wannan mutuwa, kamar ya ce wanda aka kashe da wanda ya cika a kan gadonsa duk ɗaya ne. Da wannan maganar ake rufe bakin masu neman a hukunta mai laifi.

Baba Dattijo: 'Yata, kin yi gaskiya, ba gurbinta ba ne nan. Istifanas da aka jajjefe, Ayyukan Manzanni 7:60 ta ce ya yi barci, amma a 8:2 masu tsoron Allah suka binne shi suka yi makoki mai zafi. Ba wanda ya ce musu su yi shiru. A 1 Tasalonikawa 4:13 ma ba kuka aka hana ba, baƙin ciki irin na marasa bege aka hana.

Ɗan Wusasa: To Mama, in na bar ta, me zan ce?

Maman Zumunta: "Sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku." Ka zauna. In akwai ɗiban ruwa ko jera kujeru, ka tashi ka kama. Karin maganar ka ajiye wa mai wa'azi ranar jana'iza, shi da masu rai yake magana.

Baƙo daga Maraɗi: To "in da rai da rabo" fa? Wanda ya yi barci cikin Ubangiji rabonsa ya ƙare ke nan?

Baba Dattijo: Wannan sai ka buɗe mata nata zauren, za mu daɗe a kanta.