Neman kalmar Hausa: reach, target da safety a jerin jami'o'in da yaro zai nema

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a agaza min da gaggawa. An ba ni wata takarda mai shafi huɗu in fassara wa iyaye masu jin Hausa a nan Amurka waɗanda yaransu ke ajin ƙarshe na sakandare, ranar Asabar za a raba ta a taron iyaye, ni kuma dole in miƙa ranar Alhamis da daddare saboda a samu a buga. Komai ya tafi lafiya sai wuri ɗaya da na maƙale tun jiya. Takardar ta ce yaro ya kasa jami'o'in da zai nema gida uku, reach da target da safety. Ta farko ita ce wadda shigarta ke da wuya ko da makinsa ya yi kyau, ta biyu wadda makinsa ya zo daidai da na waɗanda suka saba ɗauka, ta uku wadda kusan babu shakka za su ɗauke shi. Bayanin ba shi ne damuwata ba, sunaye nake nema gajeru, don kalmomin sun cika takardar kuma akwai jadawalin da uba da ɗa za su zauna su cike. Na fara rubuta mai wuya, matsakaiciya, mai sauƙi, sai na ga kamar karatun makarantar nake siffantawa alhali maganar samun gurbi ake yi.

Ɗan Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ta buri, ta daidai, ta ko-ta-kwana. Ki faɗe su da baki ki ji, suna zama a kunne.

Baƙuwa:
Ta buri ta yi wlh. Ta tsakiyar kuma me zai hana a ce tsara? Jami'ar da take tsararka. Da na ce sa'arka amma sa'a za ta rikice da sa'ar dace, kuma a nan rikicewar ba ƙarama ba ce tunda duk maganar a kan dace take.

Mai Alƙalami:
Ku dakata tukuna. Buri kalma ce ta kowa da komai, buri na aure, buri na mota, ba ta nuna nisa. Hausawa sun riga sun gama mana wannan aikin tun kaka da kakanni: hangen Dala ba shiga birni ba. Jami'ar hangen Dala. Kana ganinta, kana sonta, amma ganin bai sa ka ciki ba. Ta ukun kuma tudun-mun-tsira. Ta tsakiya daidai ruwa daidai tsaki, a taƙaita a ce ta daidai. Na daɗe ina amfani da hangen Dala in ina yi wa yara bayani kuma ban taɓa ganin wanda bai gane nan take ba.

Maman Biyu:
Malam na gode, karin maganar ya yi daɗi ƙwarai. Abin da nake tsoro shi ne a rubuce Dala da dala duk ɗaya ne, kuma shafin da ke biye kaf maganar kuɗin makaranta ne, sama da dala dubu 80 a shekara a wasu manyan jami'o'in masu zaman kansu in an haɗa da ɗaki da abinci. Uba zai karanta hangen dala ya ɗauka jami'a mai tsada ake nufi.

Mai Alƙalami:
Babban baƙi ai ya raba gardama, Malama. Wanda ya iya karatu ya san D babba sunan wuri ne.

Mai Lissafi:
Kafin a yi nisa bari in sa baki, don sai an san abin da kalma za ta ɗauka kafin a zaɓe ta. A 2024 mutum 54,008 suka nemi Harvard aka ɗauki 1,937, ƙasa da kashi 4 cikin 100 kenan, MIT da Stanford ma duk a wannan unguwar suke. A irin waɗannan wuraren yaro mai maki 1600 cif, wato ƙarshen maki, a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, ana iya mayar da shi, don masu irin makinsa sun fi kujerun yawa. To kun ga kashin farko ba wai jami'ar da ta fi ƙarfin yaron ba ce kawai, akwai waɗanda ga kowa ma reach ne, ni a ganina duk wadda ke ɗaukar ƙasa da kashi 10 a can za a ajiye ta komai ƙoƙarin yaro. Shi ya sa na fi son buri, ba ta zagi yaron ba, ba ta kuma yi masa alkawari ba.
Ta tsakiyar kuma ga yadda ake gane ta: yawancin jami'o'in suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set duk shekara, a sashen C za ki ga yawan waɗanda suka nema da waɗanda aka ɗauka, da lambobi biyu na makin jarrabawa, kwata na ɗaliban da suka shiga suna ƙasa da ta farko, kwata suna sama da ta biyu, rabi suna tsakani. In makin yaro ya faɗa tsakanin nan kuma jami'ar ba ta cikin masu tsananin tacewa, to ta daidai ce. Amma fa daidai ba tana nufin an samu ba.

Ɗan Rediyo:
Tacewa! Kin samu kalmar selective a kyauta Maman Biyu. Jami'o'i masu tacewa.

Ɗalibi:
Ni fa gsky inaga a bar su yadda suke, a rubuta rici, tagat, sefti. Yaran da ake magana a kansu haka suke ji a bakin mai ba da shawara a makaranta, in uba ya zo yana cewa tudun-mun-tsira yaron sai ya tsaya yana kallonsa, kuma manufar takardar ai su fahimci juna ne.

Tsohon Malami:
Yaro, wannan maganar taka ita ce ke kashe harshe. Kullum a ce a bar shi yadda yake, gobe a wayi gari jimla guda kalmar Hausa biyu ce a ciki, sauran duk aro. Rici kuma? Mene ne rici? Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi, aka shafe shekaru ana watsa labarai da shi daga Landan da Washington da Bon, shi ne zai rasa kalmar abin da mutum ke fata da abin da ya riƙe a hannu? Mun fassara majalisar ɗinkin duniya, mun fassara jirgin sama, ba mu ce yunaitad ba. Raina kai ne kawai, kuma ku 'yan bokon yanzu ku kuka fi kowa.

Ɗalibi:
Allah ya huci zuciyarka Baba, amma maki da sakandare da digiri da muke ta rubutawa tun sama daga ina suka zo? Jami'a ma ai Larabci ce.

Tsohon Malami:
Waɗannan sun shiga sun zauna sun yi jam'i irin na Hausa, an aro su lokacin da babu madadi. Aron da ake yi da madadi a hannu lalaci ne.

Mai Alƙalami:
Allah ya saka da alheri Malam. Abin da nake faɗa kenan, muna da hangen Dala a ajiye, kalma mai tarihi mai hoto a ciki, a bar ta a ɗauki rici.

Baƙuwa:
Malam Mai Alƙalami ka yi haƙuri amma ba kowane mai jin Hausa ne Dala ke gabansa ba. A irin taron nan za ka tarar da waɗanda suka yi boko da Faransanci, da waɗanda Hausarsu ta zango ce, da matan da suka koyi Hausa a gidan miji. Kullum in an zo neman kalma sai a ɗauko ta gari ɗaya a ce ita ce Hausa, sauranmu mu bi. Ni na san karin maganar, amma 'yata da aka haifa a nan ba ta san dutse ne ko mutum ba.

Mai Alƙalami:
To sai ki koya mata mana Hajiya, ai amfanin takardar kenan. Daidaitacciyar Hausa ba ni na kafa ta ba, kuma karin magana ba na gari ɗaya ba ne, na Hausawa ne duka.

Baƙuwa:
Takardar neman jami'a ce ba darasin adabi ba.

Maman Biyu:
Don girman Allah a dawo kan hanya, kwana biyu ya rage min. Ta farko da ta biyu na ji na kusa. Ta ukun ce har yanzu babu.

Yayan Wani:
Ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Ƙanina bara jami'a 12 ya nema, kuma duk goma sha biyun daga sahun farko ya ɗauko su, don a gida an riga an gama cewa yaron nan haziƙi ne, kuma haziƙin ne. Shi lissafinsa in ya nemi da yawa dole ɗaya ta faɗo. Ƙarshen Maris manyan suka fitar da sakamako, wasunsu rana ɗaya, ina zaune kusa da shi yana buɗe shafi bayan shafi a kwamfuta, kowanne layin farko ya isa, ba ya ma ƙarasa karantawa sai ya rufe, mahaifiyarmu tana tsaye a bakin ƙofa ba ta shigo ba ba ta tafi ba. Guda ɗaya ta ɗauke shi, da wasiƙar tallafin kuɗi ta zo abin da ya rage mu biya ya fi ƙarfin gidanmu nesa ba kusa ba. Da aka ce masa tun farko ya sa jami'ar jiha a jerin, cewa ya yi ai wannan ta waɗanda suka rasa ce. To ku duba, duk kalmar da za ku sa wa kashi na uku kada ta zama mai kunya. Tudun-mun-tsira wanda ambaliya ta koro ne ke hawansa. Babu uban da zai so a ce ɗansa yana can, kuma in kalmar ta yi ƙasƙanci layin nan na jadawalin fanko za a bar shi.

Mai Lissafi:
Allah ya sa haka shi ne mafi alheri ɗan'uwa. Lissafin nan na ƙaninka mutane da yawa ke yin sa. Jami'a 10 kowacce kashi 5 ba ya zama kashi 50, ko da kowacce ƙuri'a take jefawa kusan kashi 40 ne, kuma ba ƙuri'a ba ce, takardu iri ɗaya suke karantawa da ido kusan iri ɗaya, abin da ya sa ɗaya ta ƙi yakan sa sauran. Common App ma, shafin intanet da ake neman jami'o'i da yawa ta cikinsa, 20 kawai yake bari a sa a jeri, cike shi da na buri zalla ba dabara ba ce. Batun kuɗin kuma shi ne rabin ma'anar safety, wadda ta ɗauke ka ba ka iya biya ba ta tsare maka komai ba. Ga wanda yake nema daga wata ƙasa abin ya fi tsanani, don kaɗan ne irin Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst da ba sa duba buƙatar tallafin baƙo wajen yanke hukunci, kuma su ne dai masu tsananin tacewar.

Ɗan Rediyo:
To ta tabbas?

Tsohon Malami:
A'a. Tabbas na Allah ne, kuma ba a rubuta wa iyaye alkawarin da ba a hannunmu yake ba.

Mai Lissafi:
Na bi bayan Baba a nan. Su kansu masu ba da shawarar da yawa sun koma cewa likely, wato mai yiwuwa, saboda wannan dalilin. Inda ake da abin da ya yi kama da tabbas sai irin Texas da dokarsu ta 1997 ta ba na saman aji gurbi kai tsaye a jami'o'in jiha, ko kwalejojin al'umma na shekara biyu masu karɓar duk wanda ya gama sakandare.

Ɗalibi:
A Ingila inshora suke ce wa tasu a UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta a can, kuma inshora ai ta zama Hausa ko Baba?

Mai Lissafi:
Waccan daban ce, guda biyar kake nema, sai bayan an ba ka tayi kake zaɓar ta farko da ta inshora. Nan kuwa tun wajen haɗa jerin ake magana.

Baƙuwa:
Madogara fa? Jami'ar madogara. Abin da ka jingina da shi ka samu ƙarfin miƙa hannu sama. Babu kunya a ciki, mutum yana alfahari da madogararsa, kuma abin da ba ka iya biya ba ya zama madogara.

Ɗan Rediyo:
Ta fi ko-ta-kwana tawa, waccan tana da ƙamshin jami'an tsaro. Sai dai madogara a wajenmu tana nufin inda aka samo labari ko hujja, amma a jadawali ba na jin za ta rikita kowa.

Tsohon Malami:
Ba ta gamsar da ni ɗari bisa ɗari ba, ba ta nuna cewa samun ya fi rashin kusa. Amma Hausa ce, ta fi sefti.

Maman Biyu:
Alhamdu lillahi. Ga abin da zan sa: ta buri, ta daidai, ta madogara, da jami'o'i masu tacewa. A farkon takardar zan rubuta na Turancin sau ɗaya kusa da kowacce saboda maganar Ɗalibi gaskiya ce, yaran da su suke ji, Baba a yi min afuwa. Ƙarƙashin madogara zan ƙara layi cewa sai wadda za a iya biya kuma yaron zai yarda ya je, Yayan Wani na gode ƙwarai da ka buɗe mana cikinka. Malam Mai Alƙalami karin maganarka zan sa shi cikakke a bayanin kashi na farko, a can ba zai rikice da kuɗi ba.

Mai Alƙalami:
To shikenan, takardarki ce. Ni dai a ajina hangen Dala zan ci gaba da cewa, buri har yanzu ba ta da nisa a cikinta. In za ki sa karin maganar ki tabbata D babba ce.

Maman Biyu:
In sha Allah. Saura Early Decision, wadda ake nema tun farkon Nuwamba kuma in an ɗauke ka dole ka je ka janye sauran. Na rubuta neman wuri mai ɗaure, wuri na saurin lokaci nake nufi amma ina ganin za a karanta shi wurin zama. Akwai mai wata?