"Suna linzami": har da sunan Ubangiji?

Ɗan Kwaya: A wajen addu'ar Laraba wani dattijo ya ce "suna linzami", wai shi ya sa in ka kira sunan Allah dole ya juyo. Maganar ta tsaya mini a rai. Linzami ai doki ake sa wa. Wa ya isa ya ja Mahalicci? Iyayenmu, ku warware mini.

Baban Wusasa: Ɗana, karin maganar nan, mutane take nufi. Ko a tsakiyar kasuwa aka ambaci sunanka, sai ka waiwaya. Amma "dole" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Yakubu ya kwana yana kokawa da Allah a Feniyel, ya roƙi a faɗa masa suna, ba a faɗa ba, albarka aka sa masa. Duba Farawa 32.

Maman Ladi: Baba, a gafarce ni, ai Musa an faɗa masa. A Fitowa 3:13-14, gaban kurmin da ke cin wuta bai ƙone ba, ya ce in Isra'ilawa sun tambaye ni sunanka me zan ce? Allah ya amsa, "Ni ina nan yadda nake." Wanda ya ba ka sunansa ai so yake ka kira shi. Don haka ni ina bayan dattijon.

Baban Wusasa: 'Yata, sake sauraron amsar. Sunan yana cewa babu wanda ya yi shi, babu wanda zai sauya shi, kuma yana nan tare da bayin da ke yin tubali a Masar. Ya ba da abin kira, bai ba da abin riƙo ba. A Ibrananci baƙaƙe 4 ne, YHWH, sun zo fiye da sau 6,000 a Tsohon Alkawari. Yahudawa don girmamawa suka daina furta shi, in sun iso wurin sai su ce Adonai, wato Ubangiji. Daga nan fassarar Girkanci ta sa Kiriyos, mu kuma muke karanta "Ubangiji". Ko a 2008 Vatican, fadar Paparoma, ta umarci Katolika kada su furta shi a waƙa ko addu'ar coci.

Ɗan Kwaya: To Baba, mu da muke rera Halleluya kullum fa?

Baban Wusasa: "Ku yabi Yah" ke nan, guntun sunan. Yana cikin sunan Iliya da na Ishaya, yana cikin sunan Yesu ma: Ubangiji yana ceto, Matiyu 1:21.

Malamar Lahadi: Abin da ke damuna shi ne yadda ake amfani da maganar yau. Wani zai maimaita suna da ƙarfi har muryarsa ta dushe, kamar yawan kira ne ke tilasta amsa. A Afisa 'ya'yan wani firist su 7 sun gwada haka a kan mai aljani. Aljanin ya ce ya san Yesu, ya san Bulus, "ku kuwa su wane ne?" Tsirara suka gudu da raunuka, Ayyukan Manzanni 19. In za a yi karin maganar a coci, a bakinmu linzamin yake, mu da ake kiranmu da sunansa, ga kuma doka a Fitowa 20:7, kada a ambaci sunan Allah a banza.

Maman Ladi: Malama, na ji wannan. Amma uwar da ɗanta ke kwance a asibiti da tsakar dare, ba abin da ke fita bakinta sai "Yesu, Yesu", kada a ce mata tana jan linzami. Yowel 2:32 ya ce duk wanda ya kira sunan Ubangiji zai tsira. Baba, wannan ayar fa?