Rana ce ta cinye min gashi ko sanƙo ne ya iso?

Alhaji Na-Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi aikin Hajjin 2024, shekarar da zafin Makka ya haura digiri 51. Ga yinin Arfa kai a buɗe, ga askin ƙwal-kwabo da na yi a Mina, ga tafiyar jifa da tsakar rana. Fatar kaina ta riƙa raɗaɗi kamar an shafa barkono, ko ruwan alwala ya taɓa sai na ji, daga baya ta yi ta saɓa. Kamar wata uku da dawowata gashi ya fara zuba, in na cire hula sai in ga cikinta duk gashi. Yanzu gefe da ƙeya sun cika, amma tsakiyar kai da goshi sun ƙi. Wanzamina ya ce hula ce ke hana gashi shan iska, uwargida kuma kullum sai ta bi ni da man kaɗanya. Shekaruna 41. Rana ce ta ƙona saiwar gashin?

Malam Nas:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Ina ganin abu biyu ne suka haɗu maka. Idan jiki ya sha wuya, ko zazzaɓi mai zafi ko ƙunar rana mai tsanani, gashi da yawa kan daina girma lokaci guda, sai bayan wata biyu zuwa uku ya zube. Irin wannan yakan tsaya da kansa cikin wata shida, shi ya sa ƙeyarka ta dawo. Na tsakiya da goshi kuwa ya fi kama da sanƙon gado, wanda sinadarin maza da ake kira DHT ke tsuke saiwar gashi a hankali. Askin ne ya tona shi. Mahaifinka ko kawunnanka suna da sanƙo? Batun hula kuma, a gaida wanzami, amma hula ba ta sa sanƙo. Ita ce ma kariyarka yanzu da wurin ya yi fili.

Maman Ilham:
Ni dai na san rana tana busar da gashi ya yi ja ya riƙa karyewa, dubi yaran da ke yini a gona. Man kaɗanyar Hajiya zai taimaka wajen wannan, amma ba zai tsiro da gashi ba. Wanda ya fi ban tsoro shi ne zabiya. Ƙanina zabiya ne, likitan fata ya ce kada ya fita ba malfa daga goma na safe zuwa la'asar, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a kai ko kunne a kawo shi, don kansar fata ta kan fara ta nan.

Alhaji Na-Kwari:
Malam Nas ka kama ni. Baba da Kawu duk kansu tas yake. To akwai magani ko in haƙura?

Malam Nas:
Akwai minoxidil na shafawa, mai kashi 5 cikin ɗari. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma in ka daina gashin zai koma zuba. Ka fara ganin likitan fata ya duba ko akwai amosani ko makero, musamman in kana jin ƙaiƙayi.