Mu yashe kwatar unguwa da kanmu ko mu jira kansila?

Abban Khadija:
Jama'a, masu ra'ayin gwamnati ta rage sa hannu a harkokin mutane suna cewa unguwa ta fi ɗan siyasa sanin ciwonta. Mu a Rigasa, ta ina za mu fara kafin damina?

Ɗan Tudun Wada:
Malam, ku fara da mai unguwa, sannan kuɗi, don rashin lissafi ne ke watsa aikin gayya. Ku buɗe asusun banki da sunan mutum 3, sai 2 sun sa hannu a cire ko sisi. Duk ƙarshen wata a karanta lissafi a bainar jama'a. Yashewa kuwa daga mafitar ruwa ake farawa, a yi sama. A kwashe yashin ranar. In aka jibge shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi.

Hajiya Maman Yara:
Gaskiya ne, amma kada ku yafe wa hukuma nata. Kwalbati ya fi ƙarfin karo-karo. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ku kai takardar neman kwalbati sakatariyar ƙaramar hukumarku ta Igabi, a buga muku hatimi a kwafinku.