Littafin ban tsoro da fim ɗinsa: wanne ya fi hana ku barci?

Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga duk wanda ya taɓa karanta littafin ban tsoro sannan ya kalli fim ɗin da aka yi da shi, ko ya fara da fim ya koma littafi. A ina tsoron ya fi kama ku, kuma me ya zube a hanya? A yi haƙuri, dole a tona ƙarshen wasu labarai, wanda bai shirya ba ya dakata a nan.

Ni da The Shining abin ya same ni. Stephen King ya fitar da littafin a 1977, Stanley Kubrick ya mayar da shi fim a 1980. A littafin, Jack ne ya fi fatalwowin otal ɗin razana ni. Mutum ne da giya ta ɗaiɗaita, ya taɓa karya wa ɗansa hannu cikin maye, an kore shi daga koyarwa, ya karɓi gadin otal a lokacin hunturu da niyyar gyara halinsa. Shafi bayan shafi kana cikin kansa, kana jin yadda yake ba kansa uzuri, yadda ya fara ganin baƙin matarsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan yana kawo hujjarsa sai ka ji kamar da gaskiyarsa, kuma wannan shi ne abin da ya tayar mini da hankali. A fim kuwa, tun suna cikin mota ba su isa ba, Jack Nicholson ya ɗaga gira ya yi murmushin nan nasa, na san mutumin nan ya riga ya taɓu. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, da tausayin ya tafi kuma rabin tsoron ya bi shi. King ma ya sha faɗin cewa fim ɗin bai kwanta masa ba.

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam Malama Sadiya. Ni kam na saɓa miki. Na karanta littafin, na ji daɗinsa, na kwana lafiya. Fim ɗin ne ya sa na bar fitila a kunne.

Ki tuna inda yaron, Danny, yake tuƙa ɗan kekensa mai ƙafa uku a dogayen lungunan otal. Kyamara na biye da shi a ƙasa-ƙasa, daidai tsayinsa. Taya ta hau daɓen katako ta yi ƙara, ta hau kafet ta yi tsit, ta sake hawa katako. Babu abin da ke faruwa, amma duk kwanar da zai sha sai ka riƙe numfashi. Wace jimla ce za ta ba ki wannan? Marubuci zai iya cewa taya ta yi ƙara, amma ba zai iya tsare ki ki saurare ta ba, domin ke ce mai iko da saurin karatunki. Darakta shi ne mai iko da lokacin mai kallo.

Sannan batun abin da Kubrick ya cire. A littafin akwai itatuwan shinge da aka aske su siffar dabbobi, suna matsowa duk sanda mutum ya kawar da kai. A takarda abin ya yi kyau matuƙa, tunda ba ka taɓa ganin motsinsu ba, sai dai ka waiwaya ka ga zaki ya ƙara kusa. Kubrick ya ajiye su ya kawo shinge mai ruɗaɗɗun hanyoyi. A 1997 an sake yin labarin na talabijin, King da kansa ya rubuta, aka dawo da dabbobin aka nuna su suna motsi. Na kalla, ko gezau ban yi ba. A nan na sallama wa Kubrick.

Sadiya:
Malam, na yarda da batun keken. Amma ƙarshen fa? A littafi, daf da ƙarshe Jack ya dawo hayyacinsa na ɗan lokaci, ya ce wa yaron ya gudu, ya tuna masa yana ƙaunarsa, daga baya tukunyar ɗumama otal ɗin ta fashe. A wurin nan na yi kuka. A fim sai aka bar shi ya sandare cikin ƙanƙara, bai taɓa komawa uba ba. Ga Hallorann mai dafa abinci, da ya tsira a littafi, a fim yana shigowa aka sare shi da gatari.

Anti Rabi:
Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana, don akwai littafin da aka yi wa fim sau biyu, kuma shi zai raba muku gardama. The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, 1959. Na karanta shi a lokacin da nake jinyar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, shi ya sa ya shige ni fiye da yadda na zata. Jarumar, Eleanor, ta yi shekara goma sha ɗaya tana jinyar tata uwar. Daren da uwar za ta rasu ta yi ta buga bango tana kira, Eleanor ba ta farka ba. To da ta je gidan nan mai fatalwa, me ta fara ji cikin dare? Bugu. Ana dukan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya ana matsowa. Marubuciyar ba ta taɓa gaya maka ko gidan ne yake bugun ko zuciyar Eleanor ce take hukunta ta ba. Duk wanda ya yi jinya ya san barcin nan na rabin kunne, da fargabar kada a kira ka ba ka ji ba.

Robert Wise ya yi fim ɗin a 1963, fari da baƙi. Bai nuna fatalwa ko ɗaya ba. Bugun kawai ya ba mu, da ƙofar da ke kumbura tana lotsawa kamar ana tura ta daga waje, da muryar Eleanor tana magana a zuci muna saurare. Wurin da take kwance cikin duhu tana riƙe da hannun abokiyarta Theodora, hannun yana matse nata har ya yi mata zafi, aka kunna fitila ta ga Theodora tana can nesa da ita: wallahi na san zai zo tunda na karanta, amma sai da tsikar jikina ta tashi.

Na 1999 kuma an samu kwamfuta, sai aka nuna komai. Fuskokin yara da aka sassaƙa a katako suna juyawa, fatalwar mai gidan ta fito ƙuru-ƙuru. Aka cire shakka gaba ɗaya, aka tabbatar mana aljanun gaske ne, Eleanor ba ta da wata matsala a ranta. Ban iya ƙarasa shi da daɗin rai ba. Labari ɗaya, gida ɗaya, sunaye kusan ɗaya, amma na farkon ya gane inda tsoron yake, na biyun bai gane ba.

Ummi:
Allah Ya jiƙan Mama, Anti. Wurin hannun nan ni ma shi ya hana ni sako hannu daga cikin bargo.

Auwal:
Amin. Ni tawa ta zo a juye. Fim na fara gani, Ring na ƙasar Japan, wanda Hideo Nakata ya yi a 1998. Labarin kaset ɗin bidiyo ne da duk wanda ya kalla zai mutu bayan kwana bakwai. Kowa ya san wurin da fatalwar, Sadako, ta fito daga rijiya a cikin talabijin, gashi ya rufe mata fuska, tana tafiya a karkace, har ta ratso gilashin ta sauko cikin ɗaki. Na daɗe ba na son wucewa ta gaban talabijin a kashe.

Da na samu fassarar littafin Koji Suzuki, wanda ya fito a 1991, ina karantawa ina jiran wurin nan. Babu shi. Masu fim ne suka ƙirƙira. Jarumin littafin ma namiji ne, ɗan jarida mai mata da 'ya, a fim aka mayar da shi mace mai ɗa guda. Littafin ya fi kama da bincike, har da batun ƙwayar cutar agana a ciki. Amma akwai abin da ya ba ni wanda ya bi ni kwana da kwanaki. Jarumin da abokinsa suna nazarin kaset ɗin, suka lura hoton yana ɗaukewa ya yi baƙi na ɗan ƙiftawa, a kai a kai. Sai suka gane ai ƙiftawar ce da gaske: ba kyamara ce ta ɗauki hoton ba, ta cikin idon wani mutum suke kallo. Na ajiye littafin na yi shiru. Wannan tsoro ne da sai ka yi tunani yake zuwa, na fim kuma kafin ka yi tunani ya riga ya buge ka. Ban ga wanda ya ci amanar wani ba a cikinsu.

Yaya Nura:
Auwal ƙanena, naka ya yi sa'a littafin gajere ne. Ka gwada It. Ya fito a 1986, ya haura shafi dubu. Abin da ya sa yake aiki shi ne King yana kai ka yana dawo da kai tsakanin yarinta da girma, manyan sun manta abin da ya same su, suna tunowa kaɗan-kaɗan, kai ma a lokacin kake sani. Masu fim suka raba shi biyu, yara a 2017, manya a 2019. Na farkon ya yi kyau, musamman buɗewar, yaro da jirgin takarda a bakin magudanar ruwa. Na biyun ya yi mini sanyi, don mun riga mun ga duk abin da manyan ke wahalar tunowa. Ga kuma Pennywise, dodon labarin mai shigar ɗan barkwanci, da aka yi ta nunawa. A littafi kowa da irin fuskar da yake zana masa. A allo fuska ɗaya ce, ka gan ta sau da yawa ido ya saba, sabo kuwa turken wawa ne, har ka fara lura da kwalliyar da aka yi wa ɗan wasan.

Hajiya Binta:
Ni ina ganin wani lokacin sassautawa ma tana ƙara zafi. A littafin Misery na 1987, Annie ta sare wa marubucin da ta tsare ƙafa da gatari, ta ƙone wurin da wuta. A fim ɗin Rob Reiner na 1990 sai ta sa katako tsakanin idon sawunsa ta ɗauko guduma. A lissafi na littafin ya fi muni. Amma na karanta shi na wuce, ido yana iya tsallake layi. Na fim ɗin kuwa har yau ban taɓa kallonsa ido buɗe ba. Abin da ya fi damuna shi ne natsuwar Kathy Bates da ta fito a matsayin Annie, tana yi masa bayani a hankali kamar mai shirin ba shi magani. Ba banza aka ba ta kyautar Oscar ba.

Malam Bashir:
Hajiya kin taɓo wurin. Amma kada a ɗauka sai an canza ake dacewa. The Exorcist, labarin yarinyar da aljani ya shiga, William Peter Blatty ne ya rubuta littafin a 1971, shi ya rubuta fim ɗin 1973, har ya ci Oscar da rubutun. An bi littafin sosai kuma ya razana duniya. Muryar da ke fitowa daga bakin yarinyar ma ta wata 'yar wasa ce daban, Mercedes McCambridge. Abin da ya ragu shi ne shakkar Fada Karras. A littafin likitan ƙwaƙwalwa ne da imaninsa ya raunana, yana ta neman dalilin rashin lafiya ga duk abin da ya gani, kuma kai ma sai ka bi shi. A fim, da zarar kan yarinya ya juya baya a gabanka, gardama ta ƙare.

Ummi:
Ni wanda na kasa yafewa shi ne The Mist, labarin King na hazo mai ɗauke da dodanni. A rubuce, uban da ɗansa da sauran suna tafe a mota cikin hazo, ba a san makomarsu ba, amma ya ji kamar wata kalma a rediyo, ya riƙe ta. Frank Darabont a 2007 ya sa mai ya ƙare musu, su biyar harsashi huɗu, uban ya harbe su har da ɗansa don kada dodanni su ci su. Yana fitowa hazo ya yaye, ga sojoji sun iso. Na san King ya yaba wannan ƙarshen a bainar jama'a, amma ni uwa ce. Wannan ya wuce tsoro, ya koma baƙin ciki, kuma ban yi rajistar baƙin ciki ba da na zauna kallo.

Yaya Nura:
Ummi, na fahimce ki, amma ni ina tare da Darabont. Duk fim ɗin a kan abin da tsoro ke sa mutane su aikata ne. Mun ga yadda mutanen da hazon ya tsare a cikin kanti suka bi matar nan mai wa'azin halaka har suka miƙa mutum ga dodanni, muna zaune muna ganin wautarsu. A ƙarshe sai aka nuna mana wanda muke ganin ya fi kowa hankali, shi ma tsoron ya kai shi inda ya kai su. Ki lura kuma da matar da ta fita tun farko neman 'ya'yanta, kowa ya ƙi raka ta, har da shi. Tana cikin motar sojojin nan, da yaranta a raye. Ki sake kallon wurin idan zuciyarki za ta ɗauka, ki gaya mini ko har yanzu kina ganin mugunta ce kawai.