Neman kalma: me za mu kira "chromatographie" da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka. Ƙanwata da ke karatun kimiyya a jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai ta zauna yi wa Baba bayanin darasinsu, ta zo kan wannan kalma ta tsaya cak. Baba ya ce, "Ke, faɗa mini da Hausa." Shiru.

2/ Ga aikin: hanya ce ta rarrabe abubuwan da ke cakuɗe da juna. Ɗanyen mai irin na Agadem, ko kwaltar da ake samu daga kwal, cakuɗe ne, kuma masu nauyin cikinsa ba sa tashi tururi cikin sauƙi. Sai a narkar da ɗan kaɗan, a zuba a saman bututun gilashi da aka cika da garin silika (sinadarin da ke cikin yashi), a riƙa bi da ruwan sinadari. Waɗanda garin bai riƙe ba su ke fara ɗigowa, garau kamar ruwa. Sai masu ruwan ɗorawa. Masu danƙo, baƙi-baƙi, su maƙale can sama, ba sa sauka sai an canza ruwa mai ƙarfi. Asfaltin kuwa, wato ɓangaren da ya fi nauyi da baƙi, tun farko ake kwantar da shi da wani ruwan sinadari mai suna heftan a cire.

3/ Wani ya ce "rubutun launi", don ma'anarta ke nan a Girkanci. Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha, ya raɗa ta a 1906, shi da ya raba launukan ganye da garin alli. To amma Bahaushe ya ji rubutun launi, zayyanar allo zai tuna.

4/ "Tacewa" ma ban yarda ba. Matatar SORAZ ta Damagaram ta riga ta kama kalmar, kuma matacin koko girma yake dubawa: dusa ta tsaya, gasara ta wuce. Nan kuwa maƙalewa ce ke sa wani ya riga wani. Tankaɗe ma haka.

5/ Inna ce ta raba gardamar daga madafa. Ta ce, "Ba naso ba ne? Ɗiga tawadar biro a farin ƙyalle ki jiƙa gefensa." Muka gwada da baƙar tawadar alƙalamin yara: ruwan ya hau, shuɗi ya yi gaba, ja-ja ya biyo baya.

6/ Ni dai na tsaya a kan "rarraben naso". Ƙanwata ta ce akwai irin da ake yi da iskar gas, ita kuwa iska ba ta naso. Wannan kam ta kama ni. Malaman Tawa, me kuka gani?